Tsutsa a Haɓar Zanin Zinariya

A Ammariyya ta birnin Jidda in ka ce kana neman Zinariya, sai a tambaye ka wacce, don su uku ne a unguwar. In ka ce mai daddawa, tsofaffin mata za su gane. Amma in kana so kowa ya nuna maka ƙofar ba da dogon bayani ba, ce Zinariya mai tsutsa. Ba ta son sunan ko kaɗan, ta sha zagin masu kiranta da shi, sai dai ya riga ya zauna, kuma ita ta jawo wa kanta.

A shekarar 1978 ta zo aikin hajji ita da mijinta Lado, daga wani ƙauye kusa da Tasawa. Aka gama hajji, jirgin 'yan Nijar ya tashi, su ba su ciki. Lado ya shiga dako a kasuwa, ita kuma ta kama sana'ar da ta gada wajen uwarta. Alhazai na kawo mata kalwa a buhu, ta dafa, ta surfa, ta wanke, ta rufe a kwando da tsummoki har ta nuna. Ba ta da wani ma'auni. Bayan hannunta take ɗorawa a kan kwandon, ta ce, "Saura kwana ɗaya," kuma kwana ɗayan ne.

Jidda ta koya mata doka guda wadda ba ta karyawa: duk abin da sunansa abinci, in ba daddawa ba, firij. Ta ga tuwo ya yi tsami kafin la'asar, ta ga miya ta yi kumfa tun ba a ci ba. Ranar da Lado ya shigo da wani tsohon firij mai ƙugi, har guɗa ta yi. Tun daga nan ko gishiri in ba a hana ta ba sai ta tura shi ciki.

Ɗa guda Allah ya bar mata, Abdulghaffar, haihuwar Jidda. Lado ya rasu yaron na da shekara goma sha uku, suka rage su biyu a ɗaki biyu da 'yar barandar girki. Matsalarsu ba faɗa ba ce, ba su taɓa yi ba. Ita ta yi masa Hausa, shi ya amsa da Larabci, kowa na jin ɗan'uwansa sarai, amma ba wanda ke hira da wani. "Ka ci abinci?" "Na'am, Ummi." "Sai yaushe?" "Ba'adal isha." Shi ke nan. Abin na damun ta ƙwarai, ba ta dai san ta inda za ta kama shi ba.

Da ya girma ya samu aiki a unguwar Kurayyat, a shagon wani mutumin Yaman mai suna Saleh, inda ake sayar da tsuntsaye da kifin ado. Daga can ya shigo mata wata rana da keji a hannu, ya ajiye a ɗakinsa. Ta leƙa, ta ja da baya har ta buge ƙofa.

"Hawainiya? A gidana? Abdulghaffar, kanka ɗaya?"

"Hirba," ya ce yana murmushi, wato sunanta ke nan da Larabci, kuma shi ya zama sunanta a gidan.

A garinsu in an ga hawainiya a hanya, hanyar ake bar mata. Ga shi nan ɗanta ya kafa mata rassan itace, yana fesa wa ganye ruwa don ta lasa, har da fitila a saman kejin. Wannan fitilar ita ta fi ba Zinariya haushi. A garin da rana ke narka kwalta, an kunna mukayyif ɗaki ya yi sanyi, sannan an kunna wa dabba fitila ta ji ɗumi! Ga kuma abincinta: wata roba mai hudajjen murfi, cike da dusar alkama da yankan karas, a ciki tsutsotsi ruwan zuma masu tsawon gaɓar yatsa suna ta nuƙu-nuƙu. A saman firij yake ajiye robar, can baya ta wajen bango. Kullum Zinariya ta zo ɗaukar ruwa sai ta kau da kai ta yi a'uziyya.

Shekara ɗaya ana haka, a 2009, Saleh ya zo ƙofar gidan da hantsi, ya tsaya yana murza hularsa. An tare hanya ana binciken takardu, Abdulghaffar ba shi da iƙama, takardar izinin zama, an tafi da shi. Ba a ɓoye take ba, kowa a unguwar ya san inda irin wannan tafiyar ke ƙarewa: ƙasar iyayenka, ko ka taɓa ganinta ko ba ka taɓa ba.

Kwana biyu bayan nan wayarta ta yi ƙara, baƙuwar lamba, Abdulghaffar ne, hayaniya a bayansa. Ya ce lafiyarsa lau, kada ta yi kuka, wayar aro ce. Sai ya lalubo kalma uku da Hausa, yana jan su kamar mai ɗaga kaya.

"Ummi. Kar ta mutu."

Layin ya yanke. Shekara ashirin da shida tana jiran ya roƙe ta wani abu da harshenta, yau ya roƙa, kuma wai hawainiya! Ta zauna ta sha kukanta ta ƙoshi. Da ta tashi ta ɗaura ɗankwali, ta ce in dai don wannan ne, abar nan ba za ta mutu a hannunta ba.

Abin da ta fara yi shi ne ta sauko da robar. Ta buɗe, ta ji karas ɗin ya fara wari. To, abinci ne ko ba abinci ba ne? Abinci ne. Yaron nan dama bai san kan gida ba, wa ke barin abinci a waje a Jidda? Ta zubar da karas ɗin, ta naɗe robar da tsohon zani don kada idonta ya riƙa gani, ta tura ta can ƙasan firij, ta rufe tana jin ta yi dabara.

Washegari ta buɗe, ta ga ba mai motsi. Duk sun miƙe sun sandare. Ta taɓa ɗaya da tsinke, ko gezau.

"Na kashe su. Wayyo ni Zinariya, na kashe su!"

Duk da haka ta ɗebi uku a dogon ludayi, ta miƙa cikin kejin tana ja da jikinta baya. Hirba ta juyo da ido ɗaya ta dubi ludayin, ɗaya idon yana can yana kallon rufin ɗaki, sannan ta ɗauke kai. Zinariya ta janye da sauri ta watsar, don ba za ta bar mushe a ɗakin ɗanta ba. Sauran kuma ta kasa zubarwa, kayan yaro ne, ta mayar firij.

Ta gwada nama, ta gwada ƙwai, ta gwada shinkafa, har daddawa ta ɗan gutsura mata, ko a dace. Hirba ba ta ko duba ba. Zuwa kwana na biyar koren jikinta ya dushe, haƙarƙarinta ya fito, ta sauko reshen ƙasa ta lafe. Zinariya ta tsaya a kanta tana masifa: "Ke wace irin halitta ce? Naman ragon ma ba ki so? Sarauniyar ina ce ke?"

Ta yanke shawarar zuwa Kurayyat wajen Saleh ta samo wasu. Ba ta san sunansu da Larabci ba, kuma ba za ta je tana kwatance da hannu a yi mata dariya ba, don haka ta ɗebi kaɗan a takarda ta nuna masa. Ina za ta sa? Jaka akwai daddawar mutane. Sai ta yi abin da hannunta ya saba tun tana budurwa: ta ƙulle takardar a haɓar zani, ta soke a ƙugu, ta zura abaya a kai. Mushe ne ai, me zai yi mata?

Tana zaune a kujerar baya ta 'yar bas ɗin haya, an ɗan yi nisa, ta ji wani abu ya sosa mata ciki. Ta gyara zama. Ya sake. Sai ta ji gaba ɗaya ƙugunta na motsi.

"La'ilaha illallahu! Wayyo Allah na!"

Direba ya taka birki, maza suka waiwayo, wata Bamisriya da ke gefenta ta riƙe ta tana tambayar ko aljanu ne. Zinariya ta tuna ita ma ba ta da iƙama, taron jama'a ba nata ba ne. Ta haɗiye ihun, ta ce, "Halas, halas, ba komai, a sauke ni nan." Ta sauka tana tafiya a sandare, ta lallaɓa bayan wata katanga, ta kwance haɓar zanin da yatsu biyu.

Suna nan da ransu, suna hawan juna.

Ta daɗe a tsaye tana kallo, har ƙyamar ta manta da ita. Ikon Allah! Ashe ba mutuwa suka yi ba, sanyi ne ya kwantar da su, ɗumin jikinta ya tashe su. Ai ita ta san wannan. Daddawa ma in ta ji sanyi tsayawa take yi cak, sai an ƙara mata tsumma. Kuma ashe ita waccan mai ido biyu daban-daban ba ta ganin abinci sai yana motsi.

Ba ta ƙarasa Kurayyat ba. Ta tsallaka titi ta hau bas mai komawa, wannan karon ta ƙulle su da kyau, suna motsi tana cije leɓe. Ta shiga ɗakin ko abaya ba ta cire ba, ta ɗora ɗaya a ludayi ta miƙa. Ido ɗaya ya juyo. Sai ɗayan ma ya juyo, suka haɗu wuri guda, abin da ba ta taɓa gani ba. Bakin ya ɗan buɗe. Kafin ta ƙifta, wani dogon harshe ya fito fat, ludayi ya zama wayam.

"Kai!" in ji Zinariya. "Sake in gani!"

Bakwai Hirba ta ci a ranar, Zinariya na ƙirgawa da ƙarfi.

Wata matar da nan za ta tsaya, ta mayar da robar inda ta gan ta. Ita a'a, sai ta san dalili. In sanyi na kwantar da su, to wane irin ɗumi suke so? Ta samo gwangwanin madara uku, ta zuba dusa da tsutsa goma-goma. Ɗaya ta kai saman rufin gida, ɗaya ta bari a ɗakin mukayyif, ɗaya ta mayar saman firij ta wajen bango. Na rufi kafin azahar sun yi baƙi sun bushe, wannan karon mutuwa ta gaske, ta ba su haƙuri. Na ɗakin sanyi suna raye, amma sai ka zungure su suke juyawa. Na saman firij kuwa sun cinye karas sun yi ɓul-ɓul. Ta ɗora bayan hannunta a wurin, ta ji wani ɗumi mai laushi na tasowa daga bayan injin, daidai ɗumin kwandon daddawa a kwana na biyu. Sai kunya ta kama ta. Shekara guda tana cewa yaron bai san kan gida ba, ashe ya fi ta sanin firij ɗinta.

Bayan mako shida Abdulghaffar ya kira daga gidan Kawu Hamidou, ƙanenta, can ƙauyensu. Ta tambayi lafiyarsa, ya ce alhamdu lillah. Ta tambayi abinci, ya ce alhamdu lillah. Ta ji hirar na shirin mutuwa kamar kullum, sai ya ce, "Hirba?"

"Ta ci tara yau da safe."

"Tara?"

Nan ta kwashe labarin firij da na bas ta ba shi, ba ta rage komai ba. Abdulghaffar ya yi dariya har yana tari. Rabon da ta ji wannan dariyar tun Lado na da rai. Ya yi ta jero mata bayani da Larabci, wai ta riƙa ƙara wa Hirba da gyare daga shagon Saleh don tsutsa kaɗai ba ta isa, ta riƙa canza karas, kada ta jiƙa dusar. Ita ma ta gaya masa gwajin gwangwaninta. Da suka ajiye waya ta duba, sun yi minti ashirin.

Daga nan ya zama duk Juma'a bayan masallaci. Kullum da tambaya ɗaya yake farawa, "Hirba ta ci?" Daga nan sai magana ta buɗe. Zinariya ba yarinya ba ce, ta gane sarai: wannan dabbar ita ce ƙofar. In babu ita, me zai tambaya? Za su koma "alhamdu lillah" ne, daga nan kira ya koma wata-wata, daga nan sai da salla. Shi ya sa ko da Hamidou ya ce ta tattara ta dawo gida, ta ce tukuna. Kabarin Lado na nan, yaron na cewa zai nemi hanyar dawowa, kuma wa za ta bar wa amana?

Sai da ta ƙara yin wata ɓarnar. Ta ga wasu tsutsotsin sun daina ci, sun lanƙwashe sun yi fari, bayan kwanaki kuma ga wasu baƙaƙen ƙwari na yawo a dusar. Ta ɗauka daga waje suka shigo cin amana, ta riƙa tsince su tana watsa wa kajin maƙwabta. Da ta ba shi labari tana alfahari, ya ƙwala ihu a waya: "La, la, Ummi! Su ne uwa! Su ne uwa!" Ashe tsutsar ce ke rikiɗa ta zama ƙwaron, ƙwaron ya yi ƙwai, ƙwan ya zama tsutsa. Zinariya ta ware musu robarsu daban, ta riƙa leƙawa safe da yamma har ranar da ta ga dusar na motsi da wasu 'yan mitsi-mitsi kamar zare. Ta yi musu barka da zuwa da babbar murya.

Lokacin da iskar Janairu ke sanyaya gari, ba ta yarda da firij kaɗai ba, sai ta jingina robar da kwandon daddawa ta lulluɓe su tare. Rabon Hirba na safe kuwa har gobe a haɓar zani take ɗumama shi, tana shara suna motsi. A haka maƙwabciyarta Rabi'atu ta kama ta wata rana, ta tambaye ta ko da su take salla. Zinariya ta ce ita ba jahila ba ce, cirewa take yi. Kafin la'asar duk Ammariyya ta ji, sunan nan ya fito.

Shekara uku suka yi a haka. Tana lura da yadda Hausa ke kutsawa cikin maganarsa, yau kalma, gobe jimla, ba ta taɓa tankawa ba don kada ya ji kunya ya fasa. Hirba kuma tana tsufa. Harshenta ya fara kuskure, ƙafarta ta daina riƙe reshe sosai. Wata Laraba da safe a 2012 Zinariya ta shigo da rabonta a ƙugu, ta tarar da ita a ƙasan keji, idanun nan biyu a rufe. Ta ɗauke ta da hannunta, karo na farko ba ludayi ba tsumma, ta sa ta a haɓar zani ta zauna da ita har azahar, ko ɗumi zai yi abin da ya taɓa yi. Bai yi ba.

Rabi'atu ta ce, "Yaya, ki sayo wata mana wajen Saleh. Ta waya zai gani?"

Zinariya ta yini biyu tana juya maganar. Ba mutuwar dabbar ke cin ta ba, ko da yake ta yi mata hawaye, abin da ba ta zata ba. Tsoro take ji. Ta ma shirya ƙaryar tsaf: ta ci shida, tana nan lafiya.

Juma'a wayar ta yi ƙara.

"Hirba ta ci?"

Ƙaryar ta ƙi fitowa. "Abdulghaffar," ta ce, "ta mutu shekaranjiya. Na yi iya yina, wallahi na yi."

Tana jin iska a wayar, da kukan zabi can nesa, kukan da rabonta da shi shekara talatin da huɗu. Ta riƙe wayar da hannu biyu tana jiran ya ce to, sai wani lokaci.

"Inna," ya ce.

Bai taɓa kiranta haka ba.

"Inna, ta tsufa. Na san shekarunta, tun bara nake jiran wannan labarin. Ke kika ja ta har yanzu." Hausa ce tsantsa, ta ƙauyensu, har da yadda suke jan ƙarshen magana. "Ki daina kuka, ina da tambaya. Kawu ya ba ni ƙwan zabi, kaza ta ƙyanƙyashe goma sha ɗaya, uku sun mutu, sauran ba sa cin tsaki. Ya ce gara ake ba su, kuma wai duk gidan nan ba wanda ya kai ki iya kama gara kina yarinya. Gaskiya ne?"

Zinariya ta share fuska da haɓar zani. "Hamidou ya faɗi haka? To ai bai yi ƙarya ba. Kana da tsohuwar tukunya?"

"Akwai."

"Ka cika ta da busasshen kashin shanu da karan dawa, ka yayyafa ruwa, kaɗan fa, kada ka jiƙa. Ka kife ta a bakin ramin gara da yamma. Da sassafe za ka ɗauke, kafin rana ta taɓa ta, in sun ji zafi duk komawa ƙasa za su yi. 'Yan zabin kuma ina kake kwantar da su?"

"A ƙasa, cikin akurki."

"A ƙasa! Da wannan sanyin? Kai dai ba ka san kan gida ba. Ka samo kwando da tsummoki."

"Tsaya, Inna, a hankali. Katin zai ƙare. Gobe zan sake kira ki ƙarasa mini."

"Gobe Asabar ce."

"Na sani."

Da ta ajiye wayar sai ta ji motsi a ƙugunta. Ashe da safe hannunta ya ɗebi rabon Hirba kamar kullum, ba ta ma sani ba. Ta kwance, ta mayar da su cikin dusa, ta yanka musu sabon karas, ta ɗora robar a saman firij ta wajen bango. Sannan ta jona wayar a caji tun da rana, don kada gobe ta same ta ba wuta.